Shekarar da Aka Hutar da Inna

Lalle na fara gani. Na shiga gidanmu da hantsi zan karɓi daddawa, na tarar da Inna a bakin murhu tana gyara wuta, sai idona ya sauka a kan hannunta. Ja wur yake tun daga farce har wuyan hannu, irin ƙunshin da ake sa wa zunguru a jira shi ya kama sosai. Tun rasuwar mahaifinmu ban ga ta kusanci lalle ba, ko kwalli ma sai ranar Salla. Na tsaya ina kallo. Da ta lura, sai ta tura hannun ƙarƙashin zane kamar yarinyar da aka kama tana ɗebo ƙuli a kwalla.

"Auta, me kike kallo?"

"Hannun amarya nake kallo, Inna."

"Ja'ira. Maganin kaushi ne. Ɗauki abin da ya kawo ki, ki koma gidan mijinki."

Na ɗauka na fita, amma har na isa gida murmushi nake yi ni kaɗai.

Wannan babin domin ku na rubuta shi, 'ya'yana, da ku jikokina da kuka iya karatu. An gaya muku kakarku ta yi gigin tsufa, kawunku Alhaji Habu ya ɗauke ta ya riƙe ta riƙon da ba a taɓa gani ba a ƙasar Gumel, ni kuma na je na janyo ta daga gidan hutu na mayar da ita ƙauye cikin wahala. Har a gidan biki na ji wata da ba ta taɓa ganin Inna ba tana ba da wannan labari, mata suna gyaɗa kai suna sa wa kawunku albarka. Ƙarya ce. Na yi shiru shekara da shekaru saboda zumunci, yanzu kuwa duk waɗanda nake jin nauyinsu suna ƙarƙashin ƙasa, ni ma ƙafata ɗaya tana can. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

Ƙauyenmu yana kusa da Ɗanzomo, a wancan zamani da gyaɗa ta yi daraja, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. A ƙauyen nan babu jaririn da zai faɗo duniya ba a aika an kira Inna ba. Ita ke yanke cibi, ita ke gasa shi, ita ke tsayawa a kan mai jego har ta gama wanka. In mace ta rasu, ita da aminiyarta Gwoggo Ladi ke yi mata wanka su suturta ta. In miji da mata sun saɓa, ɗakin Inna matar ke fara zuwa kafin ta yi yaji. Ranar kasuwa kuwa ta ɗora ƙwaryar daddawa a ka, ta shiga ayarin tsofaffi 'yan'uwanta, suna tafe suna zagin juna suna dariya har Ɗanzomo. Mahaifinmu mutumin kirki ne, amma mai kulle ne, Inna ta yi ƙuruciyarta kaf a bayan danga. Saboda haka ita ba ta taɓa kallon tsufa da ido irin naku ba. Ta sha gaya mini cewa sai da furfura ta fito aka buɗe mata ƙofa, sai da ta tsufa ta san gari yana da girma, ta ga kasuwar Maigatari da idonta, ta ga raƙuman Damagaram, ta ji mutane suna ciniki da wani irin harshe. Takan ce tsufa haƙori biyu ya karɓe mata da tsoron mutane, kuma duka ba ta neman a dawo mata da su.

Da kaka, tsofaffin mata kan taru a gindin tsamiyar bakin gari suna ɓarar gyaɗa, yau ta gidan wannan, gobe ta gidan wancan. A nan na gane inda lallen ya fito. Akwai wani dattijo, Baba Sale, wanda ya yi rayuwarsa yana haƙar rijiya. Ƙarfi ya ja baya, ya daina shiga rami, sai dai ya zauna a baki yana gaya wa samari inda za su kafa itace kada rairayi ya rufto musu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tana aure a tsallaken iyaka. Dogon mutum ne siriri, kansa ƙwal, muryarsa a hankali kamar mai lallashin yaro. Kullum da la'asar sai ya biyo ta gindin tsamiyar nan da sandarsa. Gwoggo Ladi ba ta raga wa kowa, sai ta zunguri Inna.

"Hanne, ga mai sandarki ya sake ɓatan kai. Rijiyar tana gabas, shi kullum ta yamma yake bi."

"Ladi," in ji Baba Sale, "haƙora sun gudu sun bar bakin nan naki, amma bai daina aiki ba."

"Gara ni haƙora ne. Kai gashi ya gudu, ido na shirin bin sa. Ka tabbata ma Hannen kake gani, ba kututturen tsamiya ba?"

"In kututture ne, to Allah ya yi kyakkyawan kututture."

Tsofaffin nan suka bushe da dariya har wata ta ƙware. Inna ba ta ɗago ba, tana ta ɓare gyaɗa da sauri, rabi a ƙwarya rabi a ƙasa. Shi kuwa ya ciro goro ɗaya daga aljihu, fari, ya ajiye a gefen tabarmarta ba tare da ya dube ta ba, ya wuce. Na karanta ƙananan littattafan soyayyar nan na kasuwa har ban san iyaka ba, tun da idona ke gani ba tabarau, kun sha yi mini tsiya a kansu. Duk cikinsu masoyan yara ne, masu fararen haƙora da dogon gashi. Ban taɓa samun wanda ya kai farin goron nan a gefen tabarma ba. Ni a lokacin amarya ce kusan, cikin fari gare ni, zuciyata cike da mafarki, na ga abin ya fi mini kowane biki daɗi. Na riga na tsara a raina yadda zan yi mata guɗa.

Abin da suke nema ba baƙon abu ba ne. Auren ɗauki sandanka ake ce masa: mace tana gidanta ba ta tare ba, miji yana nasa, in ya ga dama ya ɗauki sandarsa ya zo, su ci tuwo, su yi hira, ya duba mata danga da rufin ɗaki. Tsofaffi da yawa sun yi shi a ƙasarmu, mutane ma suna yabawa, suna cewa gara mace ta koma ga Allah da igiyar aure a kanta. Baba Sale ya je wurin Liman da maganar. Liman ya ce babu laifi, sai dai a kawo waliyyi. A nan gizagizan suka taru. 'Yan'uwan Inna maza duk sun rasu. Liman ya ce da akwai ko da guda a raye da an rufa wa ɗanta asiri an ba ɗan'uwan waliccin, amma tun da babu, waliccin yana hannun ɗanta.

Ɗanta kuwa shi ne Yaya Habu, ɗan fari. Ku 'yan zamani kuna rungumar 'ya'yanku na fari a gaban mutane, ba za ku gane ba sai na faɗa muku. A wancan lokaci uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo ta kau da kai. Ana yaye Yaya aka kai shi wurin kakarmu ta wajen uba, can ya girma. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta ce Habu ba. Ko wani Habun ne a gari, sai ta ce mai sunan wancan. In ya zo gaishe ta, ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ita tana ciki ta ba shi baya, ta ce da ni, a tambaye shi ya hanya. Ba ƙi ba ne. Na sha ganinta tana leƙensa ta hudar zana in ya juya zai tafi, har sai ya ɓace. Kunya ce, kuma da wannan kunyar ake auna tarbiyyar mace. To yaya macen da ba ta iya ce wa ɗanta sannu za ta dube shi ta ce aure take so? Ni aka aika.

Yaya yana Gagarawa Tasha, yana saye wa wani kamfani gyaɗa. Ya samu, har ya yi ɗaki mai rufin kwano, ana ce masa Malam Habu mai sikeli. Mahaifinku ya ɗora ni a jaki muka yi tafiyar yini. Ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai ranar, na tsaya baki buɗe ina kallon hayaƙinsa, ina ganin kamar duk wanda ke zaune kusa da abu mai girma haka, zuciyarsa ma za ta yi faɗi. Na gaya wa Yaya saƙon ina fara'a, na ɗauka albishir na kawo. Ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Sake faɗi, ban ji ba."

"Baba Sale ne yake neman Inna, Yaya. Ba tarewa za ta yi ba."

"Mai haƙar rami? Ni ina nan ina zama da manyan mutane, a ce uwata amarya ce a ƙauye? Gobe in ina awo 'yan dako su ce, Malam Habu, ina angon Inna?"

"Ita fa tana so."

"Ke kike so. Tun kina yarinya kanki cike yake da tatsuniya. Abin da ke damunta wahala ce. Tsohuwa kamarta tana yawon kasuwa da ƙwarya a ka, tana wanke jinin haihuwar mutane, ana cewa ɗanta yana da hali ya bar ta. Laifina ne, kuma zan gyara. Zan hutar da ita."

Ku riƙe kalmar nan. Bai ce zai hana ta ba, bai ce zai raba ta da kowa ba. Hutar da ita zai yi.

Bayan an gama kai amfanin gona gida ya zo a kan doki, da jakuna ɗauke da turamen zane da huhun goro. Ya bi gidajen dattawa ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa yana ajiye rabonsu. Sannan aka zauna a zauren Liman da safe. Maza suna ciki, mu mata muna bayan zanar da ta raba zauren da cikin gida, muna jin komai. Baba Sale yana can gefe da sandarsa a kan cinya. Yaya ya yi magana cikin ladabi, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Allah gafarta Malam, ni ba mai jayayya da shari'a ba ne. Na ji malamai suna cewa macen da ta taɓa aure ba a ɗaura mata sai ta faɗa da bakinta. Haka ne?"

"Haka ne," in ji Liman.

"To ni ne waliyyi, ga ni. Ta gaya mini da bakinta tana so, yanzu in ba da ita."

Zauren ya yi tsit. Kowa a wurin ya san abin da ya yi. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai, gumi na bin wuyanta. Na matse hannunta na ce ta yi magana, ko kalma ɗaya ce. Ta girgiza kai. Gwoggo Ladi ta miƙe ta ɗaga murya ta kan zana.

"Kai Habu, ka ji tsoron Allah! Ka san ba za ta iya ba. Ni na ji daga bakinta, Auta ta ji, duk matan garin nan sun ji!"

"Gwoggo, ba ke za a ɗaura wa ba," in ji shi, har da 'yar dariya. Ya jira kaɗan, sannan ya ce, "Kun dai ji, ba ta ce tana so ba. Saura magana ta biyu. Na gina mata ɗaki a Tasha, zan tafi da ita ta huta, ta ja carbinta. In ba ta so, ta faɗa."

Nan ma shiru. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ta yarda."

Kun ji? Shirun farko ya zama ƙi, shiru na biyu ya zama yarda, a zama ɗaya, a gaban Liman da dattawan gari. Ba Yaya kaɗai nake jin haushi ba. Tsofaffin nan da ke zauren, babu wanda Inna ba ta yanke wa jika cibi ba, babu wanda ba ta wanke wa uwa ko mata ba. Sa'o'inta ne, sun san abin da zaman kaɗaici ke yi wa tsoho. Goron yana kumatunsu suka shiga sa albarka, wannan ya ce Allah ya ba mu ɗa irin wannan, wancan ya ce ai mu yanzu me ya rage mana in ban da jiran ranar. Su da kansu suka yanke wa tsufa hukuncin zama a ɗaki. Baba Sale kaɗai bai ce amin ba. Ya dafa sandarsa ya tashi, ya ce, "Malam Habu, uwarka ce, ka fi ni iko. Amma ba gajiya ta ce maka ta yi ba." Ya fita.

Washegari aka ɗora ta a jaki. Tsofaffin gindin tsamiya suka raka ta har bayan gari. Gwoggo Ladi ta riƙe ƙafarta tana tafiya tana faɗa mata, kada ta manta da alkawarinsu: duk wadda ta riga mutuwa, ɗayar ce za ta wanke ta, ba za su bari yaran zamani su jagwalgwala su ba.

Ba zan ci zalin kawunku ba ko yana kabari. Ɗakin yana da kyau. Gadon ƙarfe, katifar rimi, sabuwar buta, abinci da nama kullum. Matarsa ma ba ta da mugunta. Amma an hana Inna taɓa taɓarya, an hana ta tsintsiya, in ta ɗauki tsinke sai a karɓe a ce Inna ki huta. Ba ta san kowa ba a Tasha, ba a kuma barinta ta fita ta sani, wai kada a ce uwar mai sikeli tana yawo. Wata rana ta ji kukan mai naƙuda a maƙwabta, ta yafa zane za ta fita, aka tare ta a zaure aka mayar da ita. Ni ban sami zuwa ba sai bayan na haihu na gama wanka. Haihuwar fari, uwata ungozomar gari guda, wata ce daban ta karɓi ɗana. Da na je na tarar ta yi ƙiba a jiki, fuskar kuwa ta zube. Matar Yaya ta ja ni gefe ta ce Inna ta soma abin tsofaffi: kullum da safe sai ta ɗauki ƙwarya ba komai a ciki ta je ta tsaya a bakin ƙofa, in an tambaye ta sai ta ce yau kasuwar Ɗanzomo ce. Wani lokaci a ji ta ita kaɗai a ɗaki tana kiran sunayen mata tana ba su amsa. Na shiga na tambaye ta.

"Auta, na san babu kowa a ɗakin. In ban yi magana da su ba, da wa zan yi? Da gadon?"

Sannan ta rage murya, ta tambaye ni ko an gyara dangar gidanta kafin iska. Na ce an gyara. Ba ta tambayi wanda ya gyara ba, ni ma ban faɗa ba, amma ta daɗe tana shafa gefen tabarma.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai Gwoggo Ladi ta kwanta. Ciwon ya yi tsanani, ba ta kiran kowa sai Hanne. Na goya ɗana, mahaifinku ya raka ni, muka isa Tasha. Da safe na sami Yaya a tsakar gida yana shirin fita, yaransa na aiki biyu suna jiransa a bakin zaure, matarsa tana shara. Na gaya masa. Ya ce hanya ta yi laka, tsohuwa ba za ta iya ba, a yi wa Gwoggo addu'a daga nan, ai addu'a ba ta da nisa. Na roƙe shi har na durƙusa. Ya sa takalminsa ya juya. Sai na ji motsi a bayana. Inna ce ta fito daga ɗaki, ta tsaya a tsakiyar gida, kanta a ɗage.

"Habu."

Tsintsiya ta faɗi daga hannun matarsa. Yaya ya juyo a hankali kamar wanda aka jefa da dutse. Tun da ta haife shi, ranar ce ta fara duban tsakiyar idonsa.

"Habu, da kai nake. Ka ce in faɗa da bakina, to ga bakin. Ina son gidana. Ina son kasuwata. Ina so in je in wanke Ladi. Malam Sale kuma ina son sa, da can ma ina so, kunyarka ce ta hana ni faɗa. Ban gaji ba. Kai ne ka gaji da ganina a waje."

Na ɗauka shi ke nan, an gama. A irin labaran da nake so, nan ne ɗa zai faɗi a ƙafar uwarsa yana kuka. Na ga idonsa ya kawo ruwa, wallahi na gani. Sai ya waiga ya ga yaransa sun leƙo daga zaure, sun ji komai. Fuskarsa ta sake. Ya dubi matarsa ya ce:

"Inna lillahi. Kun ji ko? Ta kira sunana. Abin ya taɓa kanta."

Daga nan labarin da aka ba ku ya samo asali. Ta yi shiru an ce ta yarda, ta yi magana an ce ta haukace. Kafin azahar duk Tasha ta ji cewa uwar mai sikeli ta yi gigi, har sunan ɗanta na fari take kira tana maganar maza. Wasu har hawaye suka yi masa.

Ban jira komai ba. Yana fita wurin awo na ɗaure mata 'yan zannuwanta na da, na bar masa sababbin a kan gadonsa na ƙarfe, na kama hannunta muka fito ta ƙofar zaure da rana tsaka, kowa yana gani. Ba sata na yi ba. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya san abin da zai biyo baya, don a hannun Yaya yake sayar da gyaɗarsa, amma ya ɗora ta a jaki ya ja. Ruwa ya tare mu a hanya, muka kwana a wata ruga, Fulani suka ba mu nono da wurin kwanciya. Muka shiga gari washegari da hantsi, muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta. Wasu ne suka wanke Gwoggo Ladi. Inna ta sauka daga jaki ta zauna a ƙasa a kan hanya, ba ta yi kuka ba, ta ce, "Ta jira ni har ta gaji."

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa yafewa ba. Yaya ya yanke ni, bai zo sunan ko ɗayanku ba sai na autanku, ya daina karɓar gyaɗar mahaifinku, muka koma kai ta nesa a kan jaki. Wannan duk mai sauƙi ne. Maganar gigin ta biyo mu har ƙauye tare da masu zuwa Tasha. Wa zai miƙa jaririnsa ga wadda aka ce kanta ya taɓu? Aka daina aiko wa Inna. Tana zaune za ta ji guɗar haihuwa a gidan da ta karɓi uwar da uban, ba wanda ya kira ta. A kasuwa mata suka riƙa wuce daddawarta suna yi mata sannu irin wadda ake yi wa mara lafiya. Baba Sale ya koma wurin Liman, Liman ya ce yanzu kam abin ya fi ƙarfinsa, ba a ɗaura wa wadda waliyyinta ya shaida ba ta cikin hankalinta. Macen da ta fi duk garin hankali. Ta rayu shekaru bayan haka, tana tuna ranar haihuwar kowane yaro a unguwa da abin da aka shuka a shekarar, ba ta taɓa ɗaura zane a baibai ba. Ta dawo gidanta, amma garin bai dawo mata ba. Kalma ɗaya ɗanta ya faɗa don kada yaran aikinsa su yi masa dariya, ita ta biya har ta mutu.

Baba Sale bai fasa zuwa ba. Tun da babu aure ba ya shiga gidan, sai ya zauna a waje jikin danga, ita tana ciki, suna hira ta tsakanin kara ba sa ganin juna sosai. Haka suka yi har ta kwanta ciwon ajali. Ranar da ta rasu, Yaya ya zo da mota, lokacin ya riga ya je Makka, aka shimfiɗa masa babbar tabarma a ƙofar gida, jama'a suka yi layi suna yi masa ta'aziyya suna yaba riƙon da ya yi wa uwarsa. Baba Sale ya shiga layin kamar kowa. Ya miƙa wa Yaya hannu ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya koma can ƙarshe ya zauna a kan turɓaya. Ba wanda ya ce masa ya haƙuri. Na fito da mayafina a gaban mazan nan duka, na je na durƙusa a gabansa na yi masa gaisuwar da ake yi wa mijin mamaciya. Yaya ya kau da kai. Tsohon ya riƙe sandarsa da hannu biyu, ya gyaɗa mini kai.

'Yarsa ta aiko a ɗauke shi zuwa tsallaken iyaka, ya ce ba inda za shi. Idonsa ya rufe gaba ɗaya bayan 'yan shekaru. Ku manyan cikinku kun san shi, ko da yake ba ku san ko wane ne ba. Shi ne makahon tsohon nan na bukkar bayan masallaci da nake aikenku da tuwo wurinsa, kuna ƙunƙuni kuna cewa me ya haɗa mu da shi. Yakan shafa kanku ya tambayi sunan kowa, in an zo kan Hannatu, mai sunan Inna, sai ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba, ita kuwa tana ƙoƙarin ƙwacewa ta tafi wasa. Ya rasu da bazara, mahaifinku ne ya yi masa sutura, mutanen da suka raka shi ba su cika sahu biyu ba. In kun tashi yi wa kakanninku addu'a, ku sa sunansa a ciki. Sale ne. Shari'ar zauren Liman ba ta ba shi wannan matsayi ba, ni na ba shi.